Ranar da Vandi Ya Makantar da Babana

Jirgin ruwanmu ya tsaya a Libaful da safe, ana yayyafi. Ban taɓa ganin gari baƙi ƙirin kamar wannan ba, hayaƙi ya rine kowane gini tun daga tushe har rufi. Na sauko riƙe da akwatin ƙarfe da takardar da ke cewa an ɗauke ni karatun injiniyan hanyoyi da gadoji a wata kwaleji da ke wani garin masana'antu, can cikin ƙasa.

Sunana Bukar. Gidanmu yana Kolere a cikin Mubi. Kakana ya zo daga Borno da fataucin kanwa da banda, ya zauna, Baba ya gaji sana'ar. Ni kuwa tun ina ƙarami an san ni da rashin magana da son littafi, shi ya sa da aka zo neman yaran da za a sa a makaranta ba a yi gardama a kaina ba. Daga aji zuwa aji na yi ta wucewa, har gwamnatin Arewa ta ɗauki nauyina zuwa Ingila.

Cuta ta farko ta same ni kafin in kai tashar jirgin ƙasa. Sanyi ya shiga ƙashina, sai wani mai gwanjo ya yafuto ni. Ya ɗora mini wata kwat mai kauri, ruwan toka, ya ja da baya yana kallona, ya rantse irinta likitoci ke sawa. Na biya abin da ya faɗa, don ban sani ba ko a ƙasar ana tayi, kuma kunya ta hana ni tambaya.

A garin kwalejin na yini neman ɗaki. Sai in ga takarda a taga an rubuta akwai ɗakin haya, in ƙwanƙwasa, a buɗe, a dube ni, a ce yanzun nan aka kama shi. Haka na yi ta bin layi ina jan akwati, har na isa ƙofar wata tsohuwa, Misis Raili, wadda mijinta ya rasu ta zauna ita kaɗai. Ita ba fuskata ta fara kallo ba.

"Ɗana, wa ya sayar maka da kwat ɗin mata?"

Na ce wani ne a Libaful.

"Allah wadaran mutanen Libaful. Shigo, kana jiƙa mini dakali."

Kafin in gama shan shayi ta ciro allura ta mayar da maɓallan ɗaya ɓangaren, ta cire wata ɗamara da ke baya. Ta ce yanzu sai mai sa ido ne zai gane. Da wannan kwat na yi duk shekaruna a ƙasar, a ɗakinta na sama kuma na zauna har na gama.

Karatu ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ɗakin karatun kwalejin yana da ɗumi, ba mai yi maka magana, kuma littafin da ka nema za a kawo maka. Ina son allon zane da fensir mai tsini. Duk lokacin da malami ya zana gada a allo, ni koginmu, Mayo Yedzaram, nake gani da damina, ya cika ya batse, mata sun tsaya a gaɓa da kayan kasuwa a ka suna jiran ruwa ya ja. Kewar gida takan zo ne ta wurin da ban zata ba. Ranar Lahadi, in gari ya yi tsit, sai in ji ina son kunun gyaɗa, ko in leƙa taga ina neman duwatsun da ke gabas da Mubi, in ga bututun masana'anta. Misis Raili ta koyi cewa ba na cin naman alade, ta kuma daina ƙwanƙwasa mini ƙofa in ta ji shiru, ta san salla nake yi.

A kasuwar da mutanen Jamaika ke sayar da doya da barkono na haɗu da Vandi. Wani gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana juya doya a hannu, mai kaya ya faɗa masa kuɗi, sai na ji ya ce a ƙasan maƙoshi, "Kai, ɓarawon banza." Da Hausa. Na matsa kusa da shi na ce, "Sannu, Malam."

Ya juyo kamar an tsikare shi. "Wa ya yi magana? Kai? Daga ina?"

"Mubi."

"Mubi! Ni Michika!" Ya ajiye doyar ya rungume ni a tsakiyar kasuwa, Turawa suna kallo.

Vandi ɗan ƙabilar Kamwe ne, Kirista, ya girme ni nesa, yana koyon aikin jinya a babban asibitin garin. Da a gida ne wataƙila gaisuwar kasuwa kaɗai za ta haɗa mu. A can ya zama ɗan'uwana, ina kiransa Hamma kamar yadda ake kiran wa a wajenmu, shi kuma yana kirana Injiniya tun ban iya komai ba. Hausarsa irin tamu ce ta Mubi, ba ruwanta da mace ko namiji. Duk Asabar mukan dafa tuwo da garin samolina a ɗakinsa, yana ba ni labari ina saurare. Matsalarmu ɗaya ce. Vandi ba ya ba da labari ba tare da ya ƙara masa gishiri ba, ni kuma ba na iya jin abin da ba daidai ba in yi shiru. In ya ce ya taɓa tafiya daga Michika zuwa Mubi a ƙasa tsakanin asuba da hantsi, sai in ce, "Hamma, ba zai yiwu ba." Sai ya jefe ni da cokali.

Haka muke har aka raba Arewa jihohi, ga yaƙin basasa ana yi a gida. Kuɗin da ake aiko mana suka fara jinkiri, daga baya suka tsaya cak. Na rubuta wasiƙu, amsa ɗaya na samu, cewa takardunmu suna hanya tsakanin tsohon ofis da sabo, in yi haƙuri. Da hutu na shiga wankin kwalabe a kamfanin madara, abin da na samu ya ishe ni ɗaki da abinci, bai taɓa kuɗin makaranta ba. Ma'ajin kwalejin ya kira ni. Mutum ne mai ladabi, ya faɗa mini a hankali cewa in ba a biya ba kafin a koma, za a cire sunana, in an cire kuma izinin zamana a ƙasar ya ƙare. Saura shekara biyu in gama. Na hango kaina ina sauka daga mota a tashar Mubi da akwati, ba takardar shaida.

Ma'ajin ya ce amma akwai wani asusu da kwalejin ta tanada don ɗaliban da iyayensu ba su da hali. Ba ƙoƙari ake dubawa ba, buƙata ake dubawa. In cika takarda, kwamiti zai gan ni.

Na ɗauki takardar da muhimmanci kamar jarrabawa. Na fara cikawa da fensir, na sake dubawa, sannan na bi da tawada. Sana'ar mahaifi: ɗan kasuwa, ya gaji fatauci tsakanin Nijeriya da Kamaru. Gidan da iyali ke ciki nasu ne? E. Suna da gona? E. Abin da mahaifi ke samu a shekara: nan na tsaya. Wa ke tambayar ubansa abin da yake samu? Na rubuta cewa ban sani ba. Babu ƙarya ko ɗaya a takardar, na kuma ji daɗin hakan.

Ranar ganin kwamiti na yi abin da duk ɗan mutunci zai yi in zai je gaban manya. Na buɗe ƙasan akwati na ciro babbar rigar da Kawu ya ba ni, fara sol, da aiki tun daga wuya har ciki. Na turara ta da ɗan turaren wutar da Inna ta ƙulle mini, na kafa hula zanna. Misis Raili ta gan ni a matakala ta dafe ƙirji, ta ce kamar sarki. Na ɗauka yabo ne kawai.

Su uku ne a bayan tebur: ma'aji, da malaminmu na lissafin gini, da wata dattijuwa mai tabarau wadda ita ce shugaba. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na zauna, na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini.

Dattijuwar ta ce, "Rigarka tana da kyau ƙwarai. Aikin hannu ne?"

"Aikin hannu ne, ranki ya daɗe. Yakan ɗauki watanni."

Ta rubuta wani abu. "Yaya mutanen gida? Suna cikin matsi?"

"A'a, lafiya lau suke. Mun gode Allah."

"Yaƙin bai taɓa kasuwancin mahaifinka ba?"

"Yana nan yana fita kasuwa kullum."

Ma'aji ya gyara zama. "Abin da muke son ji shi ne, mahaifinka zai iya taimaka maka?"

Na ce, "Mahaifina bai taɓa gazawa a kaina ba."

Malaminmu ya dube ni kamar yana jiran in ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Suka yi mini godiya, na fito ina ganin na yi abin kirki, ban zubar da mutuncin kowa ba.

Amsa ta zo ba da daɗewa ba. Sun yi baƙin ciki, amma asusun na waɗanda ba su da wani madogara ne. A ƙasa an rubuta cewa in ina ganin ba a fahimce ni ba, ina iya neman a sake saurarona.

Na kai wa Vandi takardar, na ba shi labarin yadda aka yi, kalma da kalma. Tun daga zancen riga ya fara dariya, kafin in kai ƙarshe yana kwance a gado yana riƙe da ciki.

"Injiniya! Ka je roƙo da kayan ango! Har da turare! Wannan mata ya tambaye ka akwai wahala, ka ce lafiya lau?"

"To me zan ce, Hamma?"

"Ka ce babu! B-a-b-u. Ko ba a koya muku wannan a lissafi ba?"

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, ko da yake ya san abin, yana dai jin daɗin tsokanata ne. A gidanmu ba a cewa babu. Na sha ganin Inna ta hura wuta da yamma ta ɗora tukunyar ruwa zalla, don kada maƙwabta su ga gidan ba hayaƙi. In ka tambayi Baba kasuwa, ko bai yi ciniki ba tun safe, zai ce sai godiya. Yanzu ni da ya ɗauki nauyina in zauna gaban baƙi in ce ya gaza? Kuma ko buƙata ta kama mutum dole, ai ba da bakinsa yake faɗa ba. Wakili ake aikawa. Shi zai je ya faɗi abin da kai ba za ka iya faɗa ba, kai kana gefe, mutuncinka yana nan.

Vandi ya tashi zaune yana share hawaye. "To ka aika wakili mana."

"Wa nake da shi a nan?"

Ya buga ƙirji. "Kana kallon dattijon Michika kana tambaya? Amma ka sani, wakili yana cin goro."

Na rubuta wa kwamiti na nemi a sake saurarona, na roƙi izinin zuwa da wani ɗan ƙasarmu. Suka yarda. Kafin ranar na zaunar da Vandi na faɗa masa yadda gidanmu yake, dalla-dalla, ina kallon bango. Ya ce ya ji. Na ce ya maimaita, ya ce shi ba ɗan firamare ba ne.

Wannan karon da kayan makaranta na je, da kwat ɗina. Mutanen nan uku dai. Vandi ya gabatar da kansa, ya ce a ƙasarmu yaro ba ya magana gaban manya, don haka shi zai yi. Dattijuwar ta ɗan yi murmushi ta ce ya ci gaba. Na sunkuyar da kai.

Vandi ya yi gyaran murya. "Mahaifin wannan yaro makaho ne."

Na ɗago.

"Makaho tun yana saurayi. Jagora ake yi masa zuwa masallaci. Mahaifiyarsa kuwa ta rasu..."

"Hamma!" na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa. "Inna tana da rai!"

Ko kallona bai yi ba. "Ta rasu ta bar ƙananan yara. Gidansu ruwa ya cinye, yanzu a gindin bishiya suke kwana."

Dattijuwar tana rubutawa. Na ga alƙalaminta yana tafiya, yana sa makantar Baba da mutuwar Inna a takardar kwaleji, inda za su zauna har abada da sunana a sama. Ban san lokacin da na buɗe baki ba.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni. Ba haka ba ne. Mahaifina yana gani sarai. Mahaifiyata tana nan da ranta."

Vandi ya ce, "To, ai gidan dai ya rushe."

"Bai rushe ba. Ɗakunan ƙasa ne da jinka, ɗaya ne ya tsage da damina, ba a samu gyarawa ba."

"Don me ba a gyara ba, tun da babanka babban attajiri ne mai motoci?"

"Ba shi da mota! Jakuna gare shi." Na tsaya. "Da can."

Dattijuwar ta ajiye alƙalami ta ce, "Malam Vandi, mun gode. Bari shi ya ƙarasa."

Ban san yadda zan koma in yi shiru ba, tun da na riga na fara, kuma rabin magana ma ba daidai ba ce. Sai na faɗa musu. Na ce fataucin da na rubuta a takarda da jakuna ake yinsa, ana kai kanwa da busasshen kifi kasuwannin bayan dutse. Bayan ƙuri'ar raba gardamar da ta raba mu da Kamaru muka zama 'yan Nijeriya, hanyar da Baba ke bi tun yana yaro ta zama iyaka ta gaske, da shinge da 'yan kwastan, da yaƙi ya zo kuma abin ya ƙara tsauri. Ya sayar da jakunan ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen shi ya zama akwatina da guzurina zuwa Ikko. Yanzu yana fita kasuwa kullum, gaskiya ne, amma a tabarmar wani yake zama yana yi masa dillancin kifi, a ba shi la'ada. Gonar dawa ce a hanyar Maiha, abin da ake samu ba ya kai mu sabuwar kaka. Rigar da suka gani ta Kawu ce, aro ya ba ni don kada in ji kunya a ƙasar mutane, in na koma zan mayar masa.

Da na gama sai na ji kamar na yaye zanan da ya kewaye gidanmu, kowa yana wucewa yana leƙawa.

Malaminmu ya ce, "Me ya hana ka faɗi wannan tun farko?"

"A wajenmu ba a faɗa."

Dattijuwar ta cire tabarau tana gogewa. "A wajenmu ma da yawa ba sa faɗa. Mahaifina ya yi shekaru ba aiki, amma kullum sai ya goge takalmi ya fita da safe." Ta mayar da tabarau. "Za ka ji daga gare mu."

Muna fita na tare Vandi a bakin matakala. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Hamma, ka kashe mini uwa a gaban Turawa!"

"Allah ya ba shi tsawon rai," in ji shi, yana gyara wuyan riga. "Injiniya, kai da ko tafiyata daga Michika ba ka bari ta wuce, za ka bar tsohonka ya makance? Ni na yi aikina. Ina gorona?"

Babu goro a garin. Kifi da soyayyen dankali na saya masa, a nannaɗe cikin jarida, muka ci a tsaye a tashar bas. Ina fushi ina ci, shi yana ta kwaikwayon yadda na ce, "Ba shi da mota!"

Takardar ta zo kafin a koma karatu. Asusun zai biya kuɗin makaranta har in gama, da ɗan abin da zan riƙe kaina. Misis Raili ta sa na karanta mata sau biyu, ta yi kek. Sauran zamana a Ingila lafiya na yi shi, tsakanin ɗakin karatu da allon zane da tuwon Asabar. Na ci jarrabawata na hau jirgi. Abu ɗaya ne ya riƙa dawo mini, in na tuna Baba a kan tabarmar kifi yana cewa sai godiya, bai san an yi zancensa a wani ɗaki mai nisa ba. Ban rubuta masa ba, da na dawo ma ban faɗa ba.

Vandi ne ya ɓata shirin. Ya dawo bayana, aka sa shi aiki a asibiti, wata ranar kasuwa ya zo Kolere gaishe da Baba. Muna zaune a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗago ya ce, "Baba, ashe idonka garau. Ni ne na makantar da kai a Ingila."

Ba yadda zan yi, dole na ba da labarin, tun daga riga har ƙarshe. Baba ya yi dariya a wurin makantar. Da na zo kan abin da na faɗa da bakina, na tabarmar wani da la'ada da jakuna, dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana jan carbi. Ni ina kallon ƙasa.

Can Baba ya ce, "Mutanen nan, akwai wanda ya san Kolere a cikinsu?"

"Babu, Baba."

"Kuma da abin da ka faɗa suka bar ka ka gama karatun?"

"Da shi ne."

Ya gyaɗa kai. "To. Amma ka yi kuskure, Bukar. Ba duka jakunan na sayar ba. Farin nan kura ce ta kashe shi a hanyar Sahuda. In za ka faɗa wa mutane magana, ka faɗe ta daidai."

Sannan ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya, ya ce a kawo wa baƙo abinci.